Inda Za a Goya Ɗan Jirgi: Kundin Aiki Daga Kano Zuwa Tiga

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau ɗan jirgin robar ya iso. Da hantsi na karɓo shi a tasha daga hannun direban da ya taho da shi daga Legas, a naɗe cikin buhu kamar katifa. Mun shimfiɗa shi a tsakar gida mun ba shi iska, na sa tef na auna: tsawo mita 2.4, faɗi mita 1.3. Na aro sikelin rataye a wurin mai sayar da gas na bakin layinmu, ya nuna kilo 28 ba tare da inji ba. Na hannu ne, amma robar ba ta koɗe ba, kuma faci ɗaya kawai na gani a jikinsa.

Babban jirgin ruwana na faiba ne, mita 6.8, da ɗan ɗaki a gaba mai wurin kwanciya biyu, da rufi a kan matuƙi, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 115 a baya. A kan tirela yake zama a garejin wani abokina a Sharaɗa, sau biyu a wata mu ja shi ta hanyar Zariya, mu wuce Kura, mu kai shi Tiga.

Wanda bai san Tiga ba zai ce me mai jirgi zai yi da wani jirgin kuma. Dam ɗin da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Bako ya tare Kogin Kano ya yi tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, kuma duk rani ana sakin ruwansa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ruwa na ja da baya, gaɓa na fitowa da laka da duwatsu da kututturan itatuwa. A watan Disamba na kai Baba da jikokinsa uku, jirgi ya taɓa ƙasa saura taku arba'in mu kai tudu. Baba yana fama da gwiwa. Da ba don wani dattijon masunci ya zo da kwalekwalensa ya yi jigilarsu ba, da sai dai in goya shi cikin laka. Da na yi masa godiya ya ce, "Alhaji, jirginka na tsakiyar ruwa ne. Gaɓa kuwa sai ƙarami." Maganar ta zauna mini.

Sayen ƙaramin bai ba ni wahala ba. Inda zan ɗora shi ne aikin. Na rubuta sharuɗɗa uku a bangon wannan littafi don kada sha'awa ta ɗebe ni. Mutum ɗaya ya iya sauke shi ruwa cikin minti biyu. Kada ya canza yadda babban jirgi yake tafiya. Kada ya tare wa matuƙi gani ko ya tare wa mutane hanya.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mun gwada hanya mafi araha, wato a ɗaura masa igiya a riƙa jan sa a baya.

Igiya iri biyu na tafi da ita. Akwai farar nailan, mai taushi a hannu, da shuɗiyar nan ta roba da ake sayarwa ko'ina a kasuwa. Nailan nutsewa take yi, shuɗiyar kuwa tana yawo a saman ruwa. Na san wannan, amma na ɗaura nailan saboda ta fi ƙarfi. A jikin ɗan jirgin akwai zobba biyu, ɗaya a kowane gefe na goshinsa, sai na haɗa su da gajeriyar igiya kamar linzami, doguwar ta kama tsakiyarta. Idan aka ɗaura a zoben tsakiya kaɗai, duk ƙarfin jan yana tattaruwa a wuri guda da gam ne kawai ya riƙe shi.

A hankali yana bin mu lafiya lau. Na riƙa sassauta igiya har ya hau kan taguwa ta biyu daga cikin waɗanda jirgi ke bari a bayansa, a nan ya daina fizga. Da na ƙara mai, sai labari ya canza. Iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta shiga ƙarƙashin goshinsa, abu ne marar nauyi, ya tashi tsaye kamar faifai ya kife. Ƙanina da ke kallon baya ya yi ihu, na sauke mai. Kifaffen jirgi a bayanka kamar kana jan buhun yashi ne. Allah Ya taimake ni na cire masa inji da filafilai tun kafin mu tashi, da yau suna ƙasan Tiga.

Matsala ta biyu ta fi tayar mini da hankali. Da muka zo kusa da gaɓa na sa ribas don in tsaya, na manta ban taƙaita igiya ba. Nailan ta yi sako-sako ta nutse, farfela ta naɗe ta, inji ya yi gurnani ya mutu. Iska kuma tana tura mu kan duwatsu. Ƙanina ya jefa anka, na cire makulli na sa a aljihu, na ɗaga inji, na sunkuya da wuƙa ina yanka igiya zagaye-zagaye. Ta matse har ta fara narkewa a jikin ƙarfen. Minti ashirin muka yi.

Ja da igiya yana da wurinsa: tafiya gajeriya, ruwa a kwance, shuɗiyar igiya, mutum ɗaya aikinsa kawai ya janyo ta duk lokacin da aka rage gudu. Amma Tiga cike take da kalli da gorunan masunta, kullum kana kauce wa wani abu. Ba zan iya tuƙi idona ɗaya a gaba ɗaya a baya ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na je wurin mai waldata da zane a takarda: hannayen ƙarfe biyu a bayan jirgi, su miƙe sama su lanƙwasa baya, ɗan jirgin ya rataya a ƙarƙashinsu a gicciye. Haka ake yi wa manyan jiragen shaƙatawa, kuma na daɗe ina ganin abin yana burge ni.

Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce mu je Sharaɗa ya ga jirgin da idonsa. Da muka je, abin da ya fara cewa shi ne in ɗaga inji. Na danna, inji ya ɗago, ƙafarsa da farfela suka tashi sama suka miƙe baya. Ya sa hannu a daidai inda farfela ta tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ne fa ka zana cikin ɗan jirgin." Gaskiyarsa. Jirgin da injinsa ke ciki yana da fili a baya, nawa kuwa inji ya cinye filin. Dole hannayen su ƙara tsawo su ƙara nisa, har ɗan jirgin ya rataya sama da inda farfela ke kaiwa, kusan mita ɗaya daga bangon baya. Ya ce, "Zai yiwu, amma ƙarfe zai yi yawa." Na ce a yi.

Daga can muka wuce Kofar Ruwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa na so, amma da na ji kuɗin bututu mai kaurin da muke buƙata na haƙura. Ruwan Tiga ba na gishiri ba ne, bututun galbanaiz mai inci biyu da fenti mai kyau zai yi shekaru. Noti da kusoshi kam na dage sai marasa tsatsa, don su ne za su ratsa jikin faiba. Mun sayi farantin ƙarfe mai kaurin milimita shida, da gargare huɗu, wato 'yan ƙafafun nan masu kwari da igiya ke bi ta kansu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An gama walda. Na tarar da yaron shagon yana ƙona galbanaiz farin hayaƙi na tashi yana shaƙa. Hayaƙin tutiyar da aka shafe bututun da ita ne, kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Na roƙi maigidansa a goge wurin da za a haɗa tukuna, a kuma fito da aikin waje inda iska ke kaɗawa. Sun yi hakan.

Wurin ɗaurawa ne muka ɓata lokaci. Faiba ba ta son a matse ta a wuri ƙarami, tsagewa take yi. Kowane hannu sai da muka sa masa faranti a sama da wani a ƙasa, kusoshi huɗu suka ratsa suka haɗe su. Bangon bayan jirgi kuwa katako ne a tsakiya aka lulluɓe da faiba, duk hujin da aka yi aka bar shi ruwa zai bi ya ruɓar da katakon daga ciki ba wanda ya sani. Kowane huji na cika shi da gam kafin kusa ta shiga.

Na ɗora hannayen biyu a sikeli kafin a ɗaura: kilo 34. Sun fi abin da za su ɗauka nauyi. Na rubuta lambar, na daɗe ina kallonta.

Talata, 11 ga Maris

Azumi, aiki ya tsaya. Bayan tarawihi ni da babban ɗana muka je gareji muka zura igiyoyi. Gargare biyu a kowane hannu, igiya ta kai ta kawo, nauyin da hannu ke ji ya ragu zuwa kusan rabi. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya ɗaga gefe ɗaya shi kaɗai. Sharaɗi na farko ya cika, a tudu dai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na yi ɓarna da hannuna.

Ranar Alhamis da asuba, gari da ɗan sanyi, na ba ɗan jirgin iska har ya yi tauri, na rataye shi a hannayen don in ga zamansa, na tafi kasuwa. Da la'asar maigadin gareji ya kira ni ya ce ya ji ƙara kamar taya ta fashe. Na je na tarar da ɗinkin gefen dama ya buɗe tsawon tafin hannu, gefen ya kwanta.

A jikinsa an rubuta iskar da ake ba shi, ba ta wuce bar 0.25 ba, bar kuwa ma'aunin matsin iska ne. Wannan kaɗan ne ƙwarai, tayar mota tana ɗaukar wajen ninki takwas ɗin haka. Iskar da ke kulle kuwa tana ƙara matsi idan ta yi zafi. Da na zauna na yi lissafi, abin da aka cika da asuba a ma'aunin zafi 25, idan rana ta gasa robar ta kai 55, matsin zai tashi daga 0.25 ya kusa 0.4. Ranar Afrilu a Kano, da inuwa ma take haura 40, roba mai ruwan toka ba ta jin wuyar kai wa haka. Sannan robar PVC ce, kuma ɗinkinta gam ne, zafi yana tausasa gam a daidai lokacin da iska ke tura shi daga ciki. Akwai wata roba da ake kira Hypalon da ta fi jure rana, amma kuɗinta ba na irin wannan aiki nawa ba ne.

Mai facin bakin titi ya ce in kawo ya liƙe shi yanzu-yanzu da gam ɗin tayu. Mutumin kirki ne, shekara da shekaru yana yi mini facin mota, amma na ce masa a'a. Gam ɗin taya ba ya kama PVC, zai riƙe a tudu ya saki a ruwa. Na aika Legas a kawo mini gam ɗinta mai haɗi biyu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Faci ya kama. Na goge wurin tas, na shafa gam siriri sau biyu a kowane ɓangare, na bari ya sha iska, na haɗa na murza da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta maƙale. Faci ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Kwana biyu ban taɓa shi ba. Yau na ba shi iska na shafa ruwan omo, ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

Na sayi ma'aunin iska. Daga yanzu a tudu ana rage masa iska har yatsa ya iya lotsa shi, sai an sa shi a ruwa a ƙara, domin sanyin ruwa ma yana sa shi yin laushi. Na kai awo wurin tela ya ɗinka masa riga da farin yadi mai kauri.

Asabar, 17 ga Mayu

Gwajin hannayen a ruwa. Mu huɗu ne manya, da tanki cike da mai.

Tun a tsaye na ga abin da ban so gani ba. Layin fentin da ke nuna iyakar ruwa ya nutse a baya da kamar yatsu uku, goshi ya ɗaga. Da na ba da mai, jirgi ya tsaya da gindinsa yana haƙa ruwa, goshi ya tare mini gaba har sai da na miƙe tsaye kafin in ga inda zan nufa. Irin wannan jirgi yana da lokacin da yake fita daga cikin ruwa ya hau samansa ya miƙe, a nan ne yake gudu kuma yake rage shan mai. Da, ina ƙirga biyar ya hau. Yau na ƙirga har sha huɗu bai hau ba, sai da na ce wa mutum biyu su shiga ɗakin gaba su zauna.

Lissafin a fili yake. Ɗan jirgi kilo 28, ɗan injinsa mai doki biyu da rabi kilo 13, ƙarfe kilo 34. Kilo 75 ke nan, nauyin ƙato guda. Kuma ba a cikin jirgi ƙaton yake zaune ba, yana tsaye ne a bayan inji, a kan iska, inda babban injin mai wajen kilo 170 ya riga ya danne. Duk wanda ya taɓa tura kura ya san buhu ɗaya a bakin kura ya fi buhu biyu a kan taya wahalar da hannu.

Sauran abubuwan da na gani: ɗan jirgin ya rufe farar fitilar baya. Yana lilo idan muka hau taguwa, yana buga hannayen, sai da muka ɗaure shi da igiyoyi a gicciye, kuma kwance waɗannan igiyoyin kaɗai ya cinye minti biyun da na ware. Ɗan filin da yara ke hawowa idan sun yi iyo ma ya toshe.

Ƙanina ya ce, "Yaya, abin ya yi kyau a ido fa." Ya yi kyau. Masunta ma sun tsaya suna kallo. Na cire ɗan injin na dawo da shi ciki, na matsar da batir da jarkokin ruwa gaba, jirgi ya ɗan gyaru. Na ce wa kaina zan saba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Jiya muka kwana a Tiga. Mun bar jirgi a kan anka a wani lungu da iska ba ta cika shiga ba, ɗan jirgin a rataye, wani mai kwalekwale ya fitar da mu. Rigarsa na cire ta da rana na manta ban mayar ba. Wajen ƙarfe biyu na dare hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har kusan asuba.

Ina idar da salla na nufi bakin ruwa. Daga nesa na ga jirgi ya zauna da baya kamar doki ya ja tunga. Dattijon nan na watan Disamba ne ya kai ni. Ɗan jirgin ya cika da ruwa har rabi, cikinsa ya bultso ƙasa. Hannun hagu ya sunkuya. Toshiyar magudanar na cire ta tun jiya, wannan ban manta ba, amma ganye ɗaya da guntun leda sun liƙe a bakin hujin. Na sa yatsa na zare su, na tara jarka don in san abin da ya shiga. Jarka biyar mai lita ashirin na cika kafin ya tsiyaye.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kilo ɗari ke nan a kan abin da aka gina don ya ɗauki arba'in. Kuma ba abin mamaki ba ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, buɗaɗɗen bakin ɗan jirgin nan ya kai murabba'in mita biyu da rabi, ruwan dare ɗaya na damina ya isa. Ga Agusta ma ba ta zo ba.

Na durƙusa na duba gindin hannun. Faranti bai motsa ba, walda ba ta saki ba, aikin mai walda ya tsaya. Faibar ce ta tsattsage kewaye da farantin, siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo. A kwarin da inji ke zama kuma ruwan tafki yana leƙowa ciki yana komawa, saura kaɗan ya kai hujin da wayoyi ke bi su shiga cikin jirgi. Da an ƙara awa biyu ana ruwan nan, ko da iska ta juyo ta turo taguwa ta baya, da wani labarin nake rubutawa.

Dattijon yana riƙe da gefen jirgi bai ce komai ba har na gama. Sannan ya ce su a damina kwalekwalen da ba a aiki da shi kife shi suke yi a tudu. Na ce, "Baba, na ji."

Asabar, 28 ga Yuni

Mun kwance hannayen. Mai walda bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai tambaya ko zan bar masa bututun ya yi wa wani rumfa, ya rage mini kuɗin aiki na gaba. Hujin kusoshi takwas na cike su da gam mai haɗi biyu, na goge tsagar na shimfiɗa sabuwar faiba ta ciki. Katakon bai jiƙa ba, alhamdu lillahi.

Kuɗin ya tafi, wata huɗu sun tafi. Abin da ya fi damuna shi ne tun ranar 19 ga Fabrairu sikeli ya gaya mini gaskiya, ranar 17 ga Mayu jirgi ya maimaita, na ƙi ji saboda na riga na kashe kuɗi. Da iyalina nake shiga jirgin nan.

Wurare biyu suka rage. Kan ɗakin gaba ya fi sauƙin kaiwa, amma a nan murfin da ake fita ta sama yake, wanda shi ne mafitar wanda ke cikin ɗaki idan wuta ta tashi a baya. A nan kuma ake tsayawa a jefa anka, sannan zai tare gilashin matuƙi. Na soke shi. Saura rufin kan matuƙi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Kafin komai na gwada rufin. Ƙafafu huɗu ne na bututu suka riƙe shi. Na ɗora jarka uku cike da ruwa, kilo sittin, ninki biyu na abin da zai ɗauka, muka kama muna girgizawa ni da ƙanina. Ƙafafun baya suna ɗan rawa gefe da gefe, mai walda ya ƙara musu 'yan sanduna a gicciye, rawar ta tsaya.

A 'Yan Katako na Na'ibawa na sayi katako biyu marasa nauyi, kafinta ya fafe su daidai da lanƙwasar robar, muka naɗe su da guntun kafet. A gefen dama na rufin mun sa bututun roba na masu aikin famfo a kan siririn ƙarfe, yana juyawa kamar muburgi. Wasu bututun biyu suka sauko daga rufi zuwa bakin jirgi don robar ta riƙa zamewa a kansu. Gargare biyu daga cikin huɗun nan suka koma gefen hagu. Duka kayan kilo tara.

Yadda ake ɗora shi ne ya fi faranta mini rai. Ɗan jirgin yana ruwa a gefen dama. Igiyoyi biyu suna kama gefensa na waje, wanda ya fi nisa da mu, su hau ta kan muburgin, su tsallake rufi, su bi gargare su sauko hannun mutum a hagu. Kana ja, gefen waje na tashi, ya tsaya a kan haƙarƙarinsa cikinsa na kallonka, duk ruwan da ke ciki ya zube. Ka ci gaba da ja, ya hau bututun, ya ƙetare muburgi, ya kwanta a kan katakon a kife. Saukewa kuma akasin haka ne, yana isa ruwa ya kwanta a kan gindinsa. Bel biyu na ɗaure kaya suke riƙe shi, masu ƙugiyar da ake ɓallewa da hannu ɗaya.

Ɗan injin ya samu katakonsa a jikin bangon ɗaki, ƙasa-ƙasa, a tsaye. Irin wanda baƙin mansa ke zaune a ciki ne, idan aka kwantar da shi ta gefen da ba daidai ba man yakan gangara inda bai kamata ba ya ƙi tashi. Jarkar fetur ɗinsa a waje take zama. Tururin fetur ya fi iska nauyi, idan ya shiga ɗaki kwanciya yake yi a ƙasa yana jiran tartsatsi.

Asabar, 9 ga Agusta

Tiga ta cika, ruwa ya haye ciyawar da muka taka a watan Mayu. A hanya ban ɗora shi a rufi ba. Iskar titin Zariya ta fi ƙarfin bel biyu, kuma a kan tirela tsayin zai kamo wayoyin wutar da ke layin garejin. A naɗe ya tafi a bayan mota, a bakin ruwa muka ba shi iska da famfon ƙafa, minti goma.

Layin fenti ya dawo daidai. Na ba da mai, ina ƙirga shida jirgi ya hau ruwa ya miƙe, ba wanda na tura gaba. Gaba a buɗe, baya a buɗe, fitila na gani. Ɗan abin da ya zarce rufi ta baya ma ya ƙara wa masu zama inuwa.

Ba a rasa abin da aka biya ba. Kilo 37 a sama da kai ana jin sa: idan taguwa ta zo ta gefe jirgi yana ɗan jinkirin dawowa daidai, kuma wajen tsayawa iska tana tura shi fiye da da. Na gwada da mutum uku a gefe ɗaya, bai karkata yadda zai ba ni tsoro ba. Duk da haka na yanke cewa duk ranar da na ga hadari ya haɗo, ko iska ta fara fasa kan taguwa ta yi fari, za a sauke shi a sace iskar a naɗe a ajiye a ƙasa.

Saukewa: ɗana ya riƙe agogon waya. Karo na farko minti biyu da daƙiƙa arba'in, igiya ɗaya ta harɗe a ƙugiya. Na biyu minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Na uku ƙanina ne ya yi shi kaɗai, minti ɗaya da rabi.

Da yamma aka yi ruwa. Na zauna a ƙarƙashin rufi ina jin sa yana dukan bayan robar yana gangarewa tafki.

Lahadi, 24 ga Agusta

Yau Baba ya sake zuwa. Mun jefa anka nesa da gaɓa inda ruwa ke da zurfi, na sauke ɗan jirgin, na shiga na riƙe, ƙanina ya kama hannunsa ya zauna a tsakiya. Ƙafarsa ba ta taɓa laka ba har tudu.

Yaran suka so su duru gaba ɗaya a sawu na biyu, na hana. A jikin ɗan jirgin an rubuta mutum uku, ni kuma na tsayar da manya biyu da yaro ɗaya, kowa da rigar kariya a ɗaure, ba a riƙe a hannu ba. Ƙaramar ta yi kuka don an bar ta sai sawu na uku. Ba wanda ke harkar ruwa a Kano da ya manta ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi, kuma lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifin. Allah Ya jiƙansu. Wannan ɗan jirgin na kai mutane gaɓa ne, da zuwa neman taimako idan inji ya mutu. Ba zai kwashe mutum shida lokaci guda ba, don haka riguna shida na nan a ƙarƙashin kujera inda hannu ke kaiwa, biyu daga ciki na yara.

Abin da ya rage: rigar da tela ya ɗinka an yi ta ne don jirgi a zaune, yanzu da yake kwana a kife sai an sake yanka ta. Shuɗiyar igiyar da ke kan rufi ta fara gashi saboda rana, zan canza ta kafin kaka. Kafet ɗin katakon hagu ya fara ɓallewa a baki ɗaya. Ranar Laraba zan je Sharaɗa da gam da ƙananan kusoshi.